Mijina Na So In Ƙaryata Yayana Don Wanke Sunan Marigayi Sarki

Anti Rhoda, don Allah ki taimake ni kafin in rasa aurena ko in rasa uwata, don yadda abin ya tsaya yanzu kamar dole ɗaya ya tafi. Ba ni da wanda zan gaya wa. Duk wanda na sani a Zariyar nan ya riga ya ɗauki ɓangare.

Ni malamar firamare ce a Samaru, 'ya'yana uku. Asalinmu kudancin Kaduna ne, ba zan faɗi garin ba, sunayen ma na sauya su. Mijina Shekari ɗan sarkin garinmu ne. Sarkin ya rasu a farkon daminar bana. Tun ranar da ya rasu ake yabonsa, Kirista da Musulmi. Shi ya kawo mana sakandare. Shi ne kuma lokacin rikici ya kwashe Hausawan kasuwa ya ɓoye a fadarsa, ya tsaya a bakin ƙofa da sandarsa ya ce wa matasanmu sai dai su fara da shi. Duk wannan gaskiya ne, ba na musu.

Amma Anti, sakandaren nan a gonar mahaifina aka gina ta. Gonar citta ce da ya gada, kabarin kakanmu yana cikinta a gindin wata ɗorawa. Baba bai ƙi makaranta ba. Roƙo ya yi a bar masa gefen da kabarin yake, a ba shi wata gonar ko da ƙarama ce. Sai aka ce ya yi wa sarki tsaurin ido. Aka sa shi ya durƙusa a rana a ƙofar fada, ranar kasuwa, mutane na wucewa da kayansu suna kallo. Ni da yayana Gabriel muna tsaye a can nesa, Mama ta riƙe hannuwanmu har suna ciwo. Ina aji huɗu a lokacin. Bayan nan katafila ta shiga, ta kwashe cittar da ta kusa isa tono, ta tumɓuke ɗorawar. Kunya ta hana Baba zama a garin. Ya kwaso mu zuwa Zariya, ya kama gadi a wata masana'anta a Chikaji, har ya mutu bai sake taka garinmu ba.

Za ki ce to yaya aka yi na auri ɗan sarkin? A nan Samaru muka haɗu muna karatu, kafin in san ɗan wane ne na riga na so shi. Baba bai zo bikin ba, amma bai hana ba. Kuma abin da ke ƙara ruɗa ni, Baba Sarki bai taɓa nuna mini komai ba sai alheri. 'Yata yake kirana. Haihuwata ta fari jini ya ɓalle mini, likitoci suka ce sai an ƙara mini da gaggawa. Tsohon nan ya taso tun daga gida da mota cike da fadawansa, ya sa aka gwada su ɗaya bayan ɗaya aka ɗebi jinin da aka ƙara mini, ya zauna a bencin asibiti kamar kowa har na farfaɗo. Da ba don shi ba, da 'yata Jemimah ta tashi marainiya. Amma shekara da shekaru bai taɓa ambata gonar ba, ko sau ɗaya. Da Baba ya rasu ya aiko da rago da likkafani, Mama ta mayar masa.

Yanzu ga inda wutar ta tashi. Ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Zariya ta yi zaman makoki a Sabon Gari. Kowa na tashi yana yabo, har wani ya ce marigayi bai taɓa sa wani kuka ba. Sai Gabriel ya miƙe. Bai yi zagi ba, Anti, ina wurin. Labarin Baba kawai ya faɗa, ya ce a ƙara wannan a cikin tarihin. Wani ya ɗauka a waya. Kafin mu isa gida ya zaga ko'ina.

Tun daga ranar ban huta ba. A ofishin malamai ana gardama, ina shiga sai a yi tsit. Na hau bas daga Samaru zuwa PZ, wasu maza biyu a bayana suna jayayya a kan surukina da yayana ba su san ni ba, ɗaya yana cewa ai ba a gina gari sai an taka wani, ɗayan yana cewa sarakuna duk ɗaya suke. Sai da na sauka tun ban kai ba. A zumuntar mata ta majami'armu wasu sun daina gaishe ni. Wasu kuma sai su matse hannuna a ɓoye su ce su ma an yi wa gidansu irin haka, amma kada in ce su suka faɗa. Gabriel mai walda ne a Chikaji, 'yan garinmu duk sun janye aikinsu daga wurinsa, ana kiransa a waya ana cewa ya kiyayi kansa.

Yayan mijina yana neman sarautar, ya ce bidiyon na ɓata masa tafiya. Dangin mijina sun yanke cewa a sujadar tunawa da marigayi da za a yi a majami'armu ƙarshen watan nan, in tashi a gaban bagade in ce ƙarya Gabriel ya yi, da yardar Baba aka karɓi gonar. In na ƙi, in tattara kayana, yara kuma nasu ne. Shekari bai taɓa ɗaga mini murya ba tun da muka yi aure, amma ranar da aka faɗa mini wannan hukuncin ya ce, “Jinin gidanmu ne ke yawo a jikinki, ki tuna.” Na je Palladan wurin Mama ina kuka, ita kuma ta ce in na buɗe baki na ƙaryata mijinta yana kabari, kada in zo jana'izarta.

Anti, ba na cin abinci, kaina kullum kamar zai tsage. Jiya na tsaya gaban allo na manta abin da nake koyarwa, yara suna kallona. Ina kewar tsohon nan, wani lokaci kuma ina jin na tsane shi, sai in ji kunyar duka biyun. Mutumin kirki ne ko azzalumi? Wa zan bi? Ki gaya mini abin da zan yi.

Taki,
Surukar Fada, Samaru

AMSA

Ƙanwata, sannu. Kayan da aka ɗora miki ya yi nauyi, kuma ba ke kika ɗaure shi ba.

Zan fara da abin da ba shi da sassauci: kada ki tsaya a gaban bagade ki faɗi abin da kika san ƙarya ne. Kin gani da idonki. In kin yi, ba auren za ki ceto ba, don za ki zauna da Shekari kina kallonsa a matsayin wanda ya sa kika yi haka. Ƙaryar ma ba za ta daɗe ba, dattawan da suka wuce ta ƙofar fada ranar kasuwar nan ba duka suka mutu ba.

Kin tambaye ni ko marigayi mutumin kirki ne ko azzalumi. Ya ceci rayuka, har da naki, kuma ya zalunci mahaifinki. Ɗaya bai goge ɗaya ba. Ba ke za ki yanke masa hukunci ba, ya riga ya isa gaban Wanda zai yi. Ki bar masu gardama a bas su yi ta yi, su ba abin da za su rasa.

Ki yi wa mijinki uzuri kaɗan. Mutum ne da ya binne ubansa, ya waiwayo ya tarar ana yaga sunan tsohon a waya. Maganar jini da ya faɗa ba ta dace ba, amma a kunnena ta fi kama da ta wanda 'yan'uwansa suka matsa wa. Ki same shi ku biyu kawai, ba a gaban dangi ba. Ki tambaye shi kai tsaye ko shi a ransa ya yarda ƙarya Gabriel ya yi. Sannan ki gaya masa abin da za ki iya: za ki tashi a sujadar ki ba da labarin asibiti da dukan zuciyarki, don gaskiya ne, kuma ya fi duk wani yabon da za a yi a ranar. Zancen gona kuwa ba za ki taɓa shi ba, ko ta wane gefe.

Kada ki jira ranar ta zo. Cikin makon nan ki je wurin faston da zai jagoranci sujadar, ki faɗa masa abin da ake nema ki yi a majami'arsa. Ki roƙe shi ya haɗa dattawan gidajen biyu. Abin da ya kamata gidanku ya nema ba rushe makaranta ba ne, a amsa ne cewa an yi wa mahaifinku ba daidai ba, a nemi inda kabarin kakanku yake a kewaye shi. In yayan mijinki na da hangen nesa, zai gane cewa mai neman sarauta ya fi samun daraja da gyara wannan a kan tilasta wa mace ta yi ƙarya.

Ki gaya wa Gabriel ya riga ya faɗi tasa, an kuma ji. Kada ya ƙara komai a waya, kada ya amsa wa masu zagi. Kiran barazanar kuma ya adana lambobin ya kai wa 'yan sanda. Mama kuwa ki koma ki shaida mata ba za ki ƙaryata Baba ba, amma za ki gode wa wanda ya ceci ranki. Za ta ji zafi, amma uwa ce, na tabbata ita ma a ranar tana asibitin tana yi miki addu'a.

Batun yara kada ki ɗauke shi wasa, kada kuma ya firgita ki. Ba a raba uwa da 'ya'yanta da hukuncin taron dangi. Ki nemi lauya mace ta fayyace miki matsayinki tun yanzu, ko da ba za a kai ga nan ba. Gobe kuma, kafin komai, ki je a auna jininki. Ciwon kan nan bai kwanta mini ba.

Ba zan yi miki alkawarin kowa zai ji daɗi ba. Wasu za su ci gaba da ɗauke kai in sun gan ki. Amma za ki iya kallon mijinki da mahaifiyarki ido da ido, kuma da wannan ake sake gina gida. Ubangiji ya ba ki ƙarfin hali, ya sanyaya zuciyar Shekari, ya ba ki lafiyar rainon 'ya'yanki.

Anti Rhoda