Irin Kabewar Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina miƙo gaisuwa ta girmamawa, irin wadda ta kamaci ƙanwa ga babban wanta, tare da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da yara. Allah ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ta kuka da shi, ya sa albarka a nemanka. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana hawa benenmu da kanta, sai dai takan tsaya a tsakiya ta huta. Maigidana yana nan yana fama da shago, yara sun koma makaranta, Auta kuma yana ta tuƙin motar kamfaninsu, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace. Kyanwar Inna ma tana raye, na faɗa maka ne don na san ba za ka tambaya ba.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne duk sanda ka kira, Inna tana gefena ta kasa kunne, ni kuwa maganar da ke cina ba ta gabanta ba ce. Na daɗe ina haɗiye ta. Ban rubuto don in yi maka rashin kunya ba, amma ba zan yi kwana-kwana ba, sai ka yi haƙuri da abin da za ka karanta.

Ban taɓa musa maka a kan sayar da gidan Baba ba. Rufi yana yoyo, Inna ba za ta iya zama ita kaɗai ba, duk na yarda. Ita ma ta yarda, ba ta ja da kai ba. Abu ɗaya ta roƙa, wai a bar ta har kabewarta ta ƙosa ta ɗebi iri, sannan a yi duk abin da za a yi da gidan. Ka ce to. Da kunnena na ji, don wayar a hannuna take.

Wataƙila ka manta yadda take yi, bari in tuna maka. Kabewar nan ƙarama mai dogon wuya, mai jan ciki, wadda kakarmu ta ba ta irinta tun kafin a haife ka. Da ruwan farko ya sauka sai ta shuka a gindin katangar baya. Idan ta fara 'ya'ya, mu ci wasu, mu ba maƙwabta wasu, amma mafiya kyau sai ta ɗaura musu jan ƙyalle a kara, ta sa guntun katako a ƙarƙashinsu don kada damshi ya ruɓar da su. Waɗannan ba mai taɓa su sai yaɗon ya bushe ƙamas, ganye ya zube, ɓawon ya yi taurin da farce ba ya shiga. Wadda aka tsinka da wuri, 'ya'yanta fanko ne, ko an shuka ba sa fitowa. To a daidai lokacin nan lambun ya fi muni, wanda bai sani ba sai ya ce kango ne. Kuma ka san ba ta ajiye iri ya shekara a gida. Abin da ya rage bayan ta shuka, ƙulle shi take yi a tsumma ta aika maka, duk shekara, ta hannun duk wanda ta ji zai yi wajenku.

Dillalin da ka turo ya zo da takalminsa mai ƙyalli, ya zagaya gidan yana yatsina fuska, hankici a hanci, kamar an kawo shi mayanka. Ya ce masu saye ba sa son ganin alamar an taɓa zama a gida. Na ce to, ashe shekarun nan duk aljanu ne a ciki. Duk da haka na ɗaura zani na kama aiki. Na kankare baƙin hayaƙin kicin da soson ƙarfe har fatar yatsuna ta saɓule. Na wanke tagogi, na sauke yanar gizo-gizo, na sa an shafe tabon ruwan da ke silin ɗin falo. Ɗakin ajiya kuwa, matattun rediyoyin Baba da tsofaffin tayoyi da kujerun da ya ce zai gyara, ni na fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani tabo a bangon falo, bayan kujerarsa, inda yake jingina kai idan ya dawo daga aiki. Na goge shi bai fita ba, na sake bai fita ba, sai da mai fenti ya bi ta kai. Ranar na shiga banɗaki na yi kukana na wanke fuska, don kada Inna ta gani. Gudummawarka a duk wannan ita ce murya a waya tana cewa a yi sauri.

Sai aka zo kan kyanwa. Ta tsufa, haƙoranta sun zube, ba ta iya tauna komai. Inna ce ke dafa mata kan kifi da hantar kaza da yankan kabewa, ba gishiri ba albasa, ta zauna ta tsince ƙayoyin da yatsunta, ta murƙushe ya yi laushi, ta bari ya huce sannan ta zuba mata. Dillali ya ce ƙarnin yana kama labule, zai kori masu saye. Ka sa Auta ya sayo mata abinci na gwangwani, wai ai haka ake yi yanzu. Kyanwar ta zo ta shinshina, ta juya masa baya, ta shiga tonon siminti da ƙafa kamar mai binne kashi. Maigidana ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce wannan ta fi mu iya faɗin gaskiya. Da Inna ta ga ta ƙi ci, sai ta ɗauki ƙaramin risho ta koma bayan gida, tana dafawa a tsugune a gindin katanga, tana kaɗa tururin da murfin tukunya don kada ya shiga ɗaki. A gidan mijinta, Yaya, kamar ɓarauniya. Ba ta yi ƙorafi ba, ta ce ai a nan ma ta fi ganin kabewarta.

Yanzu ga ranar da nake so ka ji daga bakina, don na san abin da aka gaya maka shi ne an gyara bayan gida. Na kai Inna asibiti a duba ƙafarta. Dillali ya kira ka ya ce akwai mai saye da zai zo, kuma bayan gidan ya zama bola. Ba ni ka kira ba, Auta ka kira, kuma ni da kai mun san dalili. Auta ya buɗe wa leburori ƙofa. Ba zan zalunce su ba, sun yi aikinsu tsaf. Sun tuge yaɗon, sun tara busasshen sun cinna masa wuta, kabewar kuma suka farfasa da shebur don ta shiga baro, suka loda wa motar shara, sannan suka baje tsakuwa a wurin. Da na tambayi Auta bai ga jajayen ƙyallen ba, wai ya gani, ya ɗauka tsumma ne iska ta kwaso. Mutumin da aka haifa a gidan nan, wanda ya sha duka a kan taɓa kabewa mai jan ƙyalle.

Muka dawo, Inna ta wuce bayan gida kamar yadda ta saba, ledar magani a hannunta. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tsakuwar. Ni kam na yi wa Auta tas, abin da ban taɓa faɗa masa ba sai da na faɗa. Na tari mai babur na bi motar sharar har inda suke zubarwa, na shiga da takalmina ina tonawa da kara, mutane suna kallona kamar mahaukaciya. Awaki sun riga ni. Na dawo ina kuka wiwi, na tarar da ita zaune a kan tsakuwar, ta kunna rishonta tana dafa wa kyanwa ragowar yankan kabewar da ke kicin. Ta ce in share hawayena, in daina zagin ƙanena, ba a yi asarar komai ba. Wai ai akwai a wurin yayanku. Shekara da shekaru tana aika maka kana shukawa, kai da bakinka ka gaya mata ta yaɗu ta rufe shingenka, har maƙwabtanka suna roƙo.

Yaya, ban san inda zan sa fuskata ba. Matarka ta daɗe da gaya mini, cikin raha ma ta faɗa, ba da mugun nufi ba. Na tambaye ta lambu, ta ce wane lambu, su da ke saman bene, ko tukunyar fure ba su da wurin ajiyewa. Ta ce ƙullin Inna idan ya iso a aljihun tebur kake jefa shi, da kuka tashi daga tsohon gida aka zubar da tarkacen gaba ɗaya. Na san don ka faranta mata ka faɗa, kuma a lokacin ban ga abin tada hankali ba, tunda nata lambun yana nan. Amma kai ka san babu shinge, babu maƙwabta masu roƙo, ka san duk duniya irin nan a bayan gidan Baba kaɗai yake, kuma da saninka ka ɗaga waya ka ce a share. Wannan ne na kasa haɗiyewa. Na ji haushinka ranar, kuma har yau da nake rubutun nan ban huce ba.

An sayar da gida, ka samu yadda kake so. Na wuce ta layin kwanaki, wanda ya saya motarsa yake ajiyewa a wurin. Inna ta dawo wurina da akwatinta da rishonta da kyanwarta. Ka san gidana, ba ƙasa ko ta taki ɗaya, sai 'yar baranda da muke shanya. Tun da zafi ya tsananta ta sa maigidana ya raba tsohon durom biyu, ya huda gindinsa, ya yi ta hawa da ƙasa a buhu yana haki, ita kuma tana zaune tana ba da umarni, wai wannan ta cika yashi, a ƙaro baƙa. Ta sa an nemo mata kashin awaki ta cakuɗa. Ta ɗaura igiya daga ƙarfen baranda zuwa taga, inda yaɗon zai bi. Kullum da safe sai ta fita ta dubi gabas, ta dawo ta ce hadari ya kusa, ko yayanku ya ce wani abu. Kyanwar kuwa kabewar kasuwa nake saya mata, ta ci rabi ta bar rabi, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Inna tana shafa ta tana ce mata ta yi haƙuri, tasu tana hanya.

Kada ka ce ban nema ba. Na bi maƙwabtan da take ba kyauta gida-gida, kowa ya ci ya zubar da 'ya'yan, don sun san badi ma za a ba su. Na je wurin mai sayar da iri a kasuwa na kawo mata samfuri, ta juya shi a tafin hannu ta miƙo mini, ta ce wannan mai faɗi ne, nata siriri ne mai duhun baki. Maigidana ya ce mu nemi mai kama da shi mu ƙulle a tsumma mu ce daga wurinka ya zo. Na ce ba da ni ba. Ko ta ruɗu da irin, ba za ta ruɗu da 'ya'yan ba, kuma ni ba zan ɗora wata ƙaryar a kan taka ba.

Ga abin da nake roƙo. Matarka ta ce tana jin akwai ƙulli ɗaya da ya maƙale a aljihun tsohon akwatinka na tafiya, wanda ke saman kabad. Don girman Allah ka sauke shi yau, kada ka ce sai ƙarshen mako. Idan ka samu, ka aiko da gaggawa, ko ya tsufa, ko guda nawa ne, wataƙila Allah ya sa ɗaya ya tsiro. Idan kuma babu, to ka kira ta ka gaya mata da bakinka. Na goge bango, na kwashe kayan Baba, na tona bola, duk na yi ban ce ka zo ka taya ni ba. Wannan kam ba zan ɗaukar maka ba. Kuma kada ka kira Auta ka ce ya faɗa mata.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce kada ta ji komai don na ambace ta, ba laifinta ba ne. Ka shafa mini kan yara, babbar da ƙannenta, ka ce gwaggonsu tana kewarsu. Maigidana yana gaishe ka, Auta ma, ko da yake har yanzu ba ya iya haɗa ido da ni. Na gaya wa Inna ina rubuta maka takarda, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta ce in gaishe ka, tana sa maka albarka. Ta ce ka zaɓo mata daga wadda ta bushe a jikin yaɗo, kada ka ɗebo daga ɗanya, kuma ka ƙulle a tsumma, ban da leda, don kada ya gumu a hanya. Wai ba sai da yawa ba, kada ka rage wa kanka na shuka.

Ka huta lafiya, Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka mai bi maka.