Kujerar Gefe a Jar Motarka

Assalamu alaikum Injiniya,

Bayan gaisuwa, da addu'ar Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan ba. Amma tun da muka yi aure, duk abin da ya tsorata ni kai nake fara gaya wa, kuma har yau ban saba da rashin hakan ba.

Gida lafiya. 'Yarmu Hafsat ta haihu, namiji, an sa masa sunanka. Telan da ke jikin garejinmu a Wunti ya ƙara kekunan ɗinki. Ni ina nan ina koyar da kimiyya, yara na ba ni dariya da ciwon kai.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro: jar motarka ta tashi. Autanmu Mubarak ne ya tashe ta. Tun bayan rasuwarka yake janye tamfol yana kwance wannan yana ɗaura wancan. Ranar Lahadi da hantsi ina tsintar shinkafa sai na ji gurnanin nan. Tiren ya kusa suɓuce mini. Wallahi na ɗauka kai ne.

Ka tuna yadda kake ba da tarihinta? A Japan aka ƙera ta farkon shekarun saba'in, ƙofa biyu, kujera biyu, dogon hanci, inji mai silinda shida a jere. 'Yan'uwanta sun je tseren Gabashin Afirka, cikin laka da duwatsu da ruwan sama, suka dawo da kofi, wata ma da jikinta duk a lotse. Kai kuma ka same ta a hannun wani ɗan kwangila da zai koma ƙasarsu. Yanzu masu tara tsofaffin motoci na nemanta, har daga Abuja an zo, na ce ba ta sayarwa ba ce.

Na haddace labarin nan kaf. Duk shekara ina kawo ɗalibaina su leƙa injinta, in yi ta zuba musu bayani da zumuɗi. Mubarak yana tsaye a baya yana ji. Me na zata zai yi da abin da ya ji?

Ranar Asabar abokinsa zai yi aure, za a kai amarya Miri, samari sun roƙi Mubarak ya ja gaban ayarin da motarka. Ka san abin da kai amarya ya zama yanzu. Wasan mota a tsakiyar titi, taya na hayaƙi, babura na kutsawa ta ko'ina. Bara wani ɗalibina, yaro mai kyan rubutu, a haka ya tafi. Har yau ba na son kallon bencinsa.

Mubarak ya rantse mini ba zai yi wasan mota ba. Na yarda da shi. Ƙuruciyarsa ce ban yarda da ita ba, da abokin da zai zauna gefensa yana zuga shi. Motar nan ba ta da jakar iska mai kare mutum in an yi haɗari, birkinta na zamanin da ne. Na sa an sake tayoyi, an gyara birkin, amma gabana bai daina faɗuwa ba. Na yi tunanin ɓoye makulli. To, in ya hau ta wani fa, inda ba ni da ido?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ranar da ka ɗauke ni a hanyar Jos, muna sabon aure, ka taka motar, ka ga ina dariya. Injiniya, tsoro ne. Ayatul Kursiyyu nake karantawa a zuci. Sai ka kalli yadda na damƙe kujera, ka sassauta. Ban gode maka ba a ranar. Na gode.

Ka sha faɗa cewa a wancan tseren direba ba ya tafiya shi kaɗai. Na gefensa ne ke karanta masa hanya, ya ce ga kwana, ga rami, sassauta. Motarka kuwa kujera biyu gare ta. Jiya na gaya wa Mubarak ni zan zauna a ta gefen. Ya ce abokansa za su yi masa dariya har ya tsufa. Na ce amin, Allah ya kai shi tsufan.

Ban san yadda zan shiga da gwiwoyin nan ba, motar ta yi ƙasa da yawa. Na san zan damƙe kujerar nan kamar wancan karon. Shin zai waiga ya gani? Idonka ya ɗauko, ina roƙon Allah ya sa har da wannan.

Sai mun zo. Allah ya jiƙan ka, ya kai mu Miri ya dawo da mu lafiya.

Matarka, mai karanta hanya,
Rabi