Tiyo da Ƙwayar Boris Sun Raba Ni da 'Yar Yayana

Gwaggo, ki taimake ni, na rasa inda zan sa kaina.

Ni mai gyaran famfo ne. A aji biyar na bar makaranta, sauran karatuna a tsofaffin littattafan bakin titi na tsinto shi. 'Yar yayana, shekarunta takwas, Sarkin Tambaya muke ce mata. Ta ga jirgin nan na wurin wasa a talabijin, mai hawa tudu ya gangaro da mutane suna ihu, ta hana ni sakat sai na faɗa mata abin da ke tura shi. Na tsaga tiyo biyu, na ɗaure bakinsa a ƙarfen taga, na lanƙwasa shi bisa kujera da bokiti, na ba ta ƙwayar boris, 'yar ƙwallon ƙarfen nan, ta saki daga sama. Da hannunta ta gano cewa in tudu na biyu ya fi na farko tsayi, boris ɗin dawowa yake. Sarƙa ce ke jan jirgin zuwa tudun farko, daga nan gangara ke yin aikin, ba inji.

Sai abin ya fito a jarrabawa. Ta rubuta abin da idonta ya gani, malamarsu ta soke da jan biro, wai kowane tarago da injinsa. Gwaggo, idona ya rufe. Da kayan aiki a jikina na je makarantar, a gaban ajin na ce wa malamar takardar shaidarta da goge taga ta dace. Yara suka kwashe da dariya.

Yanzu yayana ya ce kada in ƙara taka masa gida, wai jahili mai littafi ya fi mahaukaci haɗari. Tiyon yana bola. Duk wannan da sauƙi. Jiya na haɗu da yarinyar a hanya, ta sunkuyar da kai ta wuce. An ce ta daina ɗaga hannu a aji. Garin neman gira na rasa ido. Me karatun nan ya tsinana mini?

Mai Tiyo

Ɗana, a kan jirgi kai ke da gaskiya. A kan malama ka yi ɓarna. Wadda aka tozarta gaban ɗalibanta ba ta iya cewa ta yi kuskure ko tana so, kuma yarinyar ke zama gabanta kullum, ba kai ba. Yayanka ya zafafa, amma 'yarsa yake karewa.

Fara da shi, ka ba shi haƙurin da babu "amma" a ciki. Sannan ka je wa malama bayan an tashi, ita kaɗai. Ka tsaga sabon tiyo, ka bar mata shi da boris ɗin, ka riƙe bakinka. Bari ta saki boris ɗin da hannunta. Maki kuwa, ka manta da shi.

Yarinya ba ta daina son sani ba, abin da amsa ta jawo mata take tsoro. Ranar da ta sake tambayarka, ka amsa a hankali.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya buɗe bakin Sarkin Tambaya.