Matakala Uku Sun Raba Ni Da Doreen

Anti Beryl, don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi da-na-sani.

Shekara talatin da ɗaya muna zaune a layinmu na gidajen jan bulo masu manne da juna, nan arewacin Ingila. Hukuma ta sa layin cikin gine-ginen tarihi, ko taga ba a canzawa sai da izini. Bara mijina Clive ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ƙofarmu matakala uku ce ta dutse, da shingen ƙarfe hagu da dama. Wata biyar ba ya fita sai an ɗauke shi kamar buhu. Da na gaji, ƙanena Malcolm ya cire ƙarfen gefe ɗaya, ya zuba siminti, ya yi wa kekensa na guragu gangare. Ran nan Clive ya je shagon jarida da kansa, ya dawo yana hawaye.

Sati biyu sai ga takarda daga hukuma, wai a fasa simintin a mayar da komai yadda yake. Kin san wa ya kai ƙara? Doreen, maƙwabciyata, wadda bango ɗaya ya raba mu, wadda na riƙe wa hannu ranar da aka binne mijinta! Na same ta, ko musu ba ta yi ba. Wai dutsen ya haura shekara ɗari da tamanin, wai in kowa ya yi son ransa layin ya mutu. Na ce mata dutse ba ya numfashi, Clive yana yi. Jiya ta ajiye mana tukunyar farfesun rago a ƙofa, na mayar mata ban buɗe ba. So nake in bar simintin, su kai ni kotu. Clive bai ma san ita ce ba.

Mai Fushi

'Yar'uwa Mai Fushi,

Kina da gaskiyar jin zafi. Doreen ta yi kuskure babba da ta wuce ƙofarki ta tafi hukuma, kuma kina da damar faɗa mata haka. Amma ke ma kin san dokar kafin Malcolm ya ɗauki guduma. Kotu ba za ta fitar da Clive waje ba, ƙarfinki kawai za ta cinye.

Kada ki fasa komai tukuna. Gobe ki kira jami'in kula da gine-ginen tarihi, ki roƙe shi ya zo ya gani da idonsa, ki tanadi takardar likita. Ki tambaya game da gangaren da ake ɗorawa a cire, ko hanya ta ƙofar baya. Ƙarfen nan kuma, a adana shi.

Sannan ki faɗa wa Clive komai yau. Jikinsa ne ya shanye, hankalinsa yana nan, kuma ƙofarsa ce. Doreen ta san dokokin nan fiye da ku. In tana son gyara abin da ta ɓata, ta zauna ta cike muku takardun neman izini. Yafiya kuwa, babu mai sa miki rana.

Allah ya ba Clive lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya.

Anti Beryl