Na Sauya Akwatin Wuta, Aka Ce Amarya Ce Mai Farar Ƙafa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Na san wasu za su zage ni, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don shawara ce ta kawo ni.

Ni mai gyaran ordinater ne, wato kwamfuta, a nan Damagaram. Ina da aboki tun muna lakwal, makarantar boko ke nan, zan kira shi Lawali. Yayansa da ke aiki a waje ya aiko masa da babbar ordinater ta wasa, ya kafa ta a shagon ƙofar gidansu, samari suna zuwa buga ƙwallo da wasan harbi, shi kuma yana haɗa bidiyon biki da ita. Da ita yake ci, da ita ya yi aure. Ranar da na buɗe cikinta na ga kart grafik ɗin da ke ciki, wato abin da ke fitar da hoto, wallahi sai da zuciyata ta yi baƙi. Ni da na san aikin ina fama da tawa tsohuwar taragutsa, shi da bai san inda ake ɗaure kusa ba an ba shi wannan? Duk da haka ban taɓa komai ba sai da aka zo bikinsa. Ni ne babban abokin ango, kun kuwa san wasan da ke tsakaninmu da amarya da ƙawayenta. Amaryar, Ramatu, 'yar garin Guna ce. Ana cikin raha ranar sayen baki sai ta ce daga cikin mayafi, "Wannan ne tuzurun da ke hana shi zuwa zance saboda wasan yara?" Ɗakin ya kwashe da dariya, har da Lawali. Ni ma na yi dariyar, amma na riƙe maganar a raina.

A satin tarewa ya ba ni mabuɗin shago in riƙe masa. Kart ɗin ba zai ɗauku ba, kowa zai gane. Sai na cire akwatin wutar, wanda muke kira alimantasiyo, shi ne ke raba wa kowane sashe wutar da yake buƙata. Na kwashe kayan cikinsa na sa a tawa, na cusa masa na wata ƙaramar ordinater ta biro, irin ta aikin ofis, a cikin ƙwaryar nasa, tambari da komai yana nan yadda yake. Wanda ya san aikin ya san abin da zai biyo baya. Idan ana rubutu ko kallo, lafiya lau. Da an shiga wasa mai nauyi kart ya nemi wuta bai samu ba, sai hoto ya riƙa tsinkewa, fanka ta hau kuka, allo ya yi baƙi, ta mutu ta sake tashi. Haka kuwa aka yi. Lawali ya kira ni hankali a tashe, na zo na yi ta wasan kwaikwayo: na hura ƙura, na sabunta pilot, wato manhajar da ke tuƙa kart ɗin, na shafa sabon man sanyaya, na ce wutar gari ce ke rawa ya sayo regilater, na'urar daidaita wuta. Ya sayo, ba ta daina ba. Ya ce, "Mutumina, to mene ne? Kafin biki garau take." Ni kuwa na kalli ƙofar cikin gida na ce, "Ka ce kafin amarya ta shigo dai. Ko dai 'yar Guna farar ƙafa gare ta?"

Wasa na yi? A lokacin na ce wa kaina wasa ne, ai abokin ango yana da wannan dama. Amma na ga Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a zaure tana tsince gujiya, na ga hannunta ya tsaya, kuma ban janye maganar ba. Ga abin da ya fi ba ni kunya har yanzu. Wata rana shagon cike da samari, na ce bari mu gwada mu gani. Na kunna wasa na bar shi a wurin da ba ya cin wuta, yana tafiya sumul. Na ce a kira amarya ta kawo ruwa. Ina jin takunta na ɗaga ingancin hoto har ƙarshe na shiga filin wasan da ya fi cin wuta. Ta sa ƙafa a bakin ƙofa da faranti a hannu, ordinater ta yi ɗif. Samari suka tashi da ihu, wani ya faɗi ƙasa don dariya, wani yana cewa, "Walla! Madam ta kashe kuran, ta ɗauke wuta!" Ita kuwa ta tsaya tana kallon mijinta ko zai ce wani abu. Shi kuwa ya sunkuyar da kai. Ta ajiye farantin ta juya. Kun san me na ji? Daɗi na ji. Na ce a raina, yau wa ake yi wa dariya?

Daga nan magana ta fita daga hannuna, ko in ce na sake ta da gangan. Tunkiyar Inna ta mutu, aka ce Ramatu. Wani mai biki ya fasa ba Lawali aiki saboda bidiyonsa ya lalace, aka ce Ramatu. Aka hana ta ratsa ta shago, sai ta zagaya ta ƙofar baya ko da kaya a kanta. Yaran unguwa idan an ɗauke wuta sai su riƙa kiran sunanta. Duk wannan ina zuwa gidan, ita ke dafa abincin da nake ci. Rannan na zo Lawali ya tafi kasuwa, ta kawo mini fura ta durƙusa nesa, ta rame har zobenta yana yawo a yatsa. Ta ce, "Yaya, kai ka san cikin abin nan. Don girman Allah ka gaya mini, da gaske ni ce? In ni ce in haƙura." Ina da damar in ce mata ƙarfe ne da waya, ba ruwansa da ƙafar kowa. Me na ce? Na kurɓi furarta na ce, "Amarya, ni dai na duba komai ban ga aibu ba. Abin da ya rage ba na masu gyara ba ne." Ta ce, "To, na gode," ta tashi. Wallahi godiya ta yi mini.

Bayan nan ƙaramin akwatin ya gaji. Ana tsakiyar wasa aka ji fas, wari ya tashi, kart ɗin ya ƙone. Akwatin kuwa da na gwada shi yana tashi har yanzu, irinsu haka suke, su kashe na kusa da su su rayu. Lawali ya zauna a ƙasa yana kuka, Inna ta ce ita ta gama gani. Kawun Ramatu ya zo daga Guna yana ba da haƙuri a kan laifin da ba a iya faɗa masa ko mene ne ba, aka ce ta bi shi ta huta a gida tukuna. Ba a dai yi saki ba. Lawali yana sonta, na sani, don ya ce mini ko abinci ba ya iya ci. Amma sun yi yarjejeniya da Inna a gabana: yayansa ya aiko da wani kart, za a sa shi yanzu da ba ta gidan. Idan ordinater ta yi lafiya, to ta tabbata ita ce, zai rubuta takarda. Idan ta sake lalacewa, ba ita ba ce, a je bikonta.

Kart ɗin ya iso, kuma ni ake jira in ɗaura shi, don Lawali ya ce bai yarda da hannun kowa ba sai nawa. Ku duba inda na sa kaina. Idan na mayar masa da kayan akwatinsa na gaskiya a ɓoye, komai zai yi aiki garau, ni na tsira, ita kuma aurenta ya mutu, sunan ya bi ta har Guna, wa zai sake neman mai farar ƙafa? Idan na bar na bogin, wannan kart ɗin ma zai iya ƙonewa, a wanke ta, amma na kashe masa sana'a, yayansa ya rantse ba zai sake aikowa ba. Idan kuma na buɗe baki na faɗi gaskiya, na rasa abokina, kuma a garin nan da kowa ya san kowa babu mai sake ba ni ko rediyo in gyara. Ba zan yi muku ƙarya ba, hanyar farko ce zuciyata ke ja na zuwa gare ta, har na riga na kwance kayan daga tawa na sa a jaka. Wani lokaci ma sai in ji ina cewa ai ita ta fara, wa ya aike ta da bakinta?

Ɗazu Lawali ya kira ni ya ce Ramatu ta aiko da saƙo ta bakin kawunta. Ba ta roƙi mijinta komai ba. Ta ce a gaya wa Yaya mai gyara ya yi aikin tsakaninsa da Allah, duk abin da hannunsa ya nuna ta yarda da shi.

Gobe bayan sallar azahar suke jirana a shago. Jama'a, me zan yi?