Tankar da Inna Ta Wanke

Talata da dare, Jega

Kwana shida ina haɗa tankar yaƙi da gwangwanayen madara, irin wadda Yaya Sani ya jingina da ita a hoton da ya aiko daga bakin daga. Na shafa mata ragowar koren fentin ƙofarmu. Na goga jar ƙasa a ƙafafunta, baƙin tukunya a bakin bindigar, har ta yi kama da ta hoton.

Yau na dawo daga islamiyya na tarar Inna ta wanke ta tas.

Da ƙyar na ce, "Inna, ba dauɗa ba ce."

Ta ce, "Na sani, ɗiyata. Ban son ganin ta kamar ta hito wurin yaƙi."

Wata huɗu ke nan ba wasiƙarsa. Sauran jar ƙasar na zubar a bayan ɗaki.