Rigar da Ba a Wanke Ba

Stirling, ƙarshen Oktoba

Zuwa ga uwargidana Euphame,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, kuma ciwon gwiwar nan bai tashi da shigowar sanyi ba. Yaya mutanen Dunskarrow? Ni jikina lafiya lau, zuciyar ce dai babu.

Na san labari ya riga wasiƙata isowa. Abin da kika ji gaskiya ne. An kashe ubangidanmu Lord Hew, kuma Mungo Rait ne ya kashe shi. Mungo namu, Euphame. Yaron da ya tsaya a ƙofar Dunskarrow ba takalmi, Lord Hew ya ce a shigo da shi a riƙe shi kamar ɗan gida. Ke kika ɗinka masa rigarsa ta farko, ni na ɗora masa yatsu a kan alƙalami. Ban taɓa koyar da yaro mai kaifin kai irinsa ba, kin sha ce mini in rage yabonsa a gabansa.

Ga yadda abin ya taso. Lord Hew ya kawo shi fada ne don ya riƙe masa shahon farauta. Wata rana a wurin farauta ruwa ya tsare su a gindin itace, Sarki ya fara rera wani baiti na Latin, ƙarshensa ya ɓace masa. Manyan ƙasa, waɗanda ba su san komai ba sai doki da gaba, kowa ya zuba wa kunnen dokinsa ido. Sai Mungo ya ƙarasa baitin daga baya, a hankali, kamar bai so a ji ba. Baitin da na koya masa a ɗakin karatunmu, kina kawo mana kunu. Sarki matashi ne mai son littafi, kuma ba shi da abokin hira. Tun daga ranar ba ya tafiya sai hannunsa na rataye a wuyan Mungo.

Da aka zo majalisa, Sarki ya ce zai ba shi makullin ɗakinsa. Kin san bakin Lord Hew, ba ya tauna magana. Ya ce, “Ranka ya daɗe, wannan yaron da ƙafa tsirara na tsince shi. A bari ya saba da takalmi tukuna, sannan a ba shi makulli.” Aka yi dariya. Mungo ma ya yi. Ranar Lahadi, da rana tsaka, bayan an fito daga coci, shi da mutanensa suka tare Lord Hew a wani lungu.

Sarki ya ce faɗa ne ya haɗa su. Hukuncin da ya yanke shi ne Mungo ya zauna a ɗakinsa na ɗan lokaci, ɗakin da ke manne da na Sarki. Ni da hannuna na cire wa Lord Hew rigarsa, wadda kika ɗinka masa bara. Na ɗaura ta a tsinin mashi na nufi fada don Sarki ya gani, kamar yadda kowane mai neman hakkin jini yake yi. Aka tare ni a ƙofa, wai Sarki ba ya iya kallon jini tun yana ƙarami, ko barewa aka yanka sai ya kau da kai. Wa ke ba masu gadin ƙofar umarni yanzu, kin sani.

Ga rigar nan na aiko miki. Kada ki wanke ta. Kada ki ɗinke ko rami ɗaya. Ki ninke ta ki sa a ƙasan akwatin itacen nan. Gawin, ɗan Lord Hew, yana tare da ni, muna karatu kullum. Shekararsa goma sha huɗu, an kashe masa uba, kuma har yau bai zubar da hawaye ba. Wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Ki gaishe da mutanen gida. Allah Ya bar mu tare.

Mijinki,
Ninian Pourie

Edinburgh, watan Maris

Uwargidana Euphame,

Ina gaishe ki da kewa mai yawa. Yaya jiki, yaya ƙarshen sanyi? Safar ulu ta iso, tana ƙafata yanzu haka, cukun kuwa Gawin ya gama da shi kafin in ɗanɗana sau biyu.

Kin tambaye ni ko hunturu biyu sun rage mini zafi. Ba su rage ba. Ina kwana da shi ina tashi da shi, kuma ba na roƙon Allah Ya cire mini.

Mungo yanzu Sir Mungo ne, Sarki ya ba shi laƙabin girma. Babu takardar da ke isa gaban Sarki sai ta bi ta hannunsa. Tsofaffin da suka yi masa dariya a majalisa su ne ke tsayuwa a zaurensa da hula a hannu. Ya karɓi harajin giyar da ake shigowa da ita ta tashar jiragen ruwa ta Leith, ya karɓi gandun dajin Sarki. Abin da ya fi ci mini rai, an ba shi riƙon Dunskarrow har Gawin ya balaga. Wato hatsin da kike gani ana fitarwa daga rumbu, takalman Mungo yake saya. An ce yana da takalma fiye da na Sarki.

Mun yi kiciɓis a matattakalar fada. Ya sha karammiski, yana ƙamshin turaren Faransa. Ya tsaya ya rusuna mini, har da murmushi.

Ya ce, “Malam, har yanzu wannan tsohuwar alkyabbar ce? Ka zo in ba ka makarantar fada, ka huta da bin marayu.”

Na ce, “Na saba da marayu, Mungo. Akwai wanda na taɓa koya wa karatu.”

Ya ce, “Ai ya gode. Ga inda karatun ya kawo shi.” Sannan ya tambaye ni lafiyarki, ya ce har yanzu bai ci waina mai daɗin taki ba. Euphame, da akwai wuƙa a jikina da ba ki sami wannan wasiƙa ba.

Gawin ya yi tsawo. Kansa yana ja sosai, lissafi ma ya fara wuce ni, kuma in ya fahimci abu fuskarsa takan yi haske yadda nake so. Amma da zarar mun rufe littafi sai ya sauka bayan gida, ya yi ta sukar buhun ciyawa da wuƙar ubansa. Ban hana shi ba. Ba ni da bakin hana shi.

Ki kula mini da kanki.

Naki,
Ninian

Edinburgh, watan Agusta

Zuwa ga Euphame, sanyin idona,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta maƙwabta, ki karanta wannan ke kaɗai.

Sarki zai naɗa Mungo Earl, sarautar da ke sama da ta yawancin manyan ƙasa. Manya sun haɗiye komai amma wannan ya tsaya musu a wuya, suka ce ba za su zauna ƙasa da mutumin da jini ke kansa ba. Kin san afuwar Sarki ba ta tsayawa sai dangin mamaci sun karɓi tuba sun sa hannu. Don haka za a yi sulhu a bainar jama'a, a dandalin kasuwa, Sarki da kansa zai zauna. Kin tuna yadda aka yi a ƙauyenku lokacin rikicin masu niƙa. Mai laifi zai zo ba hula, ba takalmi, daga shi sai rigar ciki. Zai durƙusa ya riƙe takobi tsirara ta wajen tsini, ya miƙa wa magaji ƙotar. Ba zai tashi ba, ba zai saki ba, sai magaji ya karɓa.

Da Gawin ya ji, sai ya yi murmushin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ce, “Malam, shi da kansa zai miƙo mini ƙota, tsinin na kallon ƙirjinsa? Ashe Allah na sona.”

Mungo ma ya san haka, ai ni na koyar da shi. Na sami labari zai sa sulke mai laushi a ƙarƙashin rigar, kuma zai jera masu bindiga a tagogi. Yana so yaron ya soka. In ya soka a gaban Sarki, a wurin za a harbe shi, ko a rataye shi kafin mako, Dunskarrow kuma ta zama ta Mungo har abada. In kuma ya karɓa ya sa hannu shiru, Mungo ya wanku. Ta ko'ina shi ke da riba.

Na zaunar da Gawin na faɗa masa haka. Ya ce to in bar shi ya mutu da mutunci. Na ce, “Ɗana, ni ban koyar da kai don in binne ka ba. Kuma mutuwa ta yi wa Mungo araha. Me yake da shi a duniya? Ba dangi, ba ƙasa ta gado. Abu ɗaya gare shi, hannun Sarki a wuyansa. Shi za mu cire.” Mun daɗe muna ja, ya yi fushi ya ce na tsufa na zama matsoraci. A ƙarshe ya saurara. Ko zai bi abin da na ce in ƙotar ta zo gabansa, Allah kaɗai Ya sani.

Ki aiko mini da rigar, ta hannun wanda kika yarda da shi. Yadda take.

Ki sa mu a addu'a.

Mijinki,
Ninian

Edinburgh, watan Satumba

Uwargidana Euphame,

Ina gaishe ki, ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Kafin komai: Gawin yana raye, ga shi can yana barci tun azahar.

Dandalin ya cika har kan rufin gidaje. Sarki na zaune a kujera bisa dakali, manya na kewaye da shi. Mungo ya taho ba takalmi a kan duwatsun titi, cikin rigar ciki fara fat, gashinsa a taje. Ko a tuba sai da ya yi kyau. Mata har suna tausaya masa. Ya durƙusa, ya riƙe tsinin takobi da hannu biyu, ya miƙo ƙota.

Gawin ya tsaya yana kallon ƙotar. Na ga yatsunsa suna motsi. Na ga bakin bindiga a tagar mai sayar da fata. Ban taɓa yin addu'a irin ta wannan lokacin ba.

Sai ya sa hannu cikin alkyabbarsa ya fito da rigar. Ya warware ta a hankali, ya ɗaga ta yadda kowa zai gani, ta bushe ta yi baƙi-baƙi, haske na ratsa ramukan. Ya ce, da murya kamar yana karanta darasi, “Yaya Mungo, al'ada ta ce ka zo da riga, amma ba wannan ba ce rigar maganar. Gidanmu ne ya fara sa maka riga. Bari ya sa maka ta ƙarshe.”

Mungo bai iya yin komai ba. In ya saki takobi, sulhu ya rushe, sarauta ta tafi. In ya tashi, haka. Yana durƙushe yaron ya zura masa rigar ta ka, ya gyara masa wuyanta kamar yadda kike gyara musu in za su coci. Garin busasshen jinin ya zubo masa a gashi da fuska. Da Gawin ya ja ta ƙasa sai ta kama wani abu ta yi ƙara, ya ce, “Af, ashe da sulke ka zo tuba.” Wata mai sayar da kifi ta ce, “Ku bar shi, sanyi yake ji,” dandali ya ɗauki dariya.

Sannan Gawin ya karɓi takobin, ya miƙa wa mai shela, ya sa hannu a takardar yafiya da rubutu mai kyau.

Ni Sarki nake kallo. A karo na farko ya ga abin da aka hana shi gani. Fuskarsa ta yi fari, ya toshe baki da hanci da hannu. Da Mungo ya tashi ya nufo shi don ya sumbaci hannunsa, Sarki ya ja da baya har kujerar ta goce, ya ce shi ba zai iya zama ba, a kai shi ciki. Mungo ya koma fada shi kaɗai, a ƙasa, ba takalmi, sanye da rigar Lord Hew, yara na binsa suna kiransa Mai Rigar Mamaci.

An naɗa shi Earl, don an riga an buga hatimi. Amma a wurin naɗin wani ne ya rataya masa takobi, Sarki bai taɓa shi ba. An ce ko ya yi wanka ya canza kaya, Sarki ba ya iya cin abinci in yana ɗakin. An karɓe makullin ɗakin Sarki daga hannunsa. Jiya aka ba shi babban aiki, wai ya je ya riƙe wa Sarki tsibiran arewa, inda babu mai jin Latin sai tsuntsayen teku. Riƙon Dunskarrow ya koma hannun kawun Gawin.

Kada ki ɗauka na huce. Ina so ya yi tsawon rai a can, ya riƙa tuna ɗumin hannun nan a wuyansa kowace safiya.

Da muka dawo masauki, Gawin ya zauna a bakin gado, ya ce, “Malam, saura kaɗan in soka.” Na ce na gani. Sai ya kifa kai a cinyata ya yi kukan da ya riƙe tun Stirling. Na bar shi ya yi har ya gaji.

Muna tafe gida kafin a gama girbi. Rigar ba ta dawo ba, ban kuma nemi a dawo da ita ba. Ki sayi lilin mai kyau ki fara yanka wata. Ki yi ta da faɗi, kafaɗun yaron sun kai na ubansa.

Sai na gan ki da idona.

Mijinki mai kewarki,
Ninian Pourie